Yadda Ake Kiwon Tsutsar C. elegans da Haɗa Barbarar Farko a Ɗakin Gwaji

Ɗaliban digiri na biyu da malaman da ke son fara binciken gado da tsutsar Caenorhabditis elegans sun yi ta maimaita tambaya ɗaya: daga ina ake farawa, kuma me ya kamata a tanada kafin a yi odar tsutsar? Wannan jagora ta ɗauki aikin tun daga ɗakin da babu komai a cikinsa har zuwa ƙirgen jikokin barbarar farko da adana zuri'ar a firiza. Barbarar ita kanta ba ta wuce aikin minti 10 ba, kuma idan ta lalace, galibi matsalar ta samo asali ne daga matakan da suka gabace ta, wato zafin wurin ajiya, tsabtar faranti da shekarun tsutsar da aka zaɓa. Saboda haka aka fi daɗewa a kan waɗannan. Tsutsar ba ta kama mutum, tsawonta bai wuce milimita 1 ba, kuma bakteriya take ci.

1. Samar da wurin ajiya mai digiri 20

Kada a sayi komai sai an warware wannan. Ana kiwon tsutsar tsakanin digiri 15 da 25 na ma'aunin Salshiyos, kuma digiri 20 shi ne mizanin da kusan duk lissafin lokaci ya ginu a kansa. A digiri 20 ƙwai yakan zama babbar tsutsa mai yin nata ƙwan cikin kwana 3 da rabi. A digiri 25 lokacin yana raguwa, a digiri 15 kuma yana kusan ninkawa. Da zarar zafi ya haura 25 haihuwa takan fara raguwa, idan ya daɗe a kusa da 30 kuwa zuri'ar takan ƙare. Duk wanda ya san zafin Sakkwato ko Damagaram a watan Afrilu ya san cewa teburin ɗakin gwaji ba wurin ajiyar wannan halitta ba ne.

Inkubetar da ake raino bakteriya a ciki ɗumama abu kawai take yi, ba ta sanyaya shi, don haka ba za ta yi wannan aiki ba. Ana buƙatar inkubeta mai sanyayawa. Inda kuɗinta ya gagara, ƙaramin firij da aka haɗa masa na'urar daidaita zafi daga waje, mai kunna shi da kashe shi a kan digiri 20, yana wadatarwa. A saka masa ma'aunin da ke riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girman zafin da aka samu, a bar shi yana aiki babu tsutsa na tsawon mako guda, ana duba ma'aunin safe da yamma. A jera robobin ruwa a ƙasansa domin su riƙe sanyi idan an ɗauke wuta, kuma a haɗa shi da inbata ko sola.

Gargaɗi: firij na gida yadda yake, mai digiri 4, wurin ajiyar farantin da babu tsutsa ne kawai. Sanyinsa yana tsayar da girman tsutsa, kuma idan ta daɗe a ciki yana kashe ta.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Abu mafi tsada bayan inkubeta shi ne maikuroskof mai ido biyu na aikin fiɗa, wanda ke ƙara girman abu daga kusan ninki 6 zuwa 50. Sharaɗin da ba a sassautawa a kansa shi ne hasken ya fito daga ƙasa ta cikin faranti, da madubin da ake karkatawa, domin jikin tsutsar garai yake, kuma da hasken sama kaɗai ba a iya bambance matakan girmanta. Tsohon maikuroskof mai kyakkyawan gindi ya fi sabon da haskensa ke saukowa daga sama amfani nesa ba kusa ba.

Sauran kayan su ne farantan Petri masu faɗin milimita 60 domin aikin yau da kullum da 'yan ƙanana masu milimita 35 domin barbara, wayar fulatinam, fitilar sifirit, fifet na gilashi da na awon maikurolita, ƙaramin injin juyi mai ɗaukar bututun mililita 15, da otokilef, wato na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi mai matsi. Tukunyar matsin tururi da ke kai digiri 121 tana maye gurbin otokilef a ƙaramin ɗaki. Fulatinam yana da tsada idan aka dubi giram, amma guntun santimita 2 da rabi ake buƙata, kuma yana yin watanni. Kuɗin da ba ya yankewa shi ne na faranti da agar, wato garin da ke daskarewa ya zama shimfiɗar cikin faranti. Farantan gilashi da ake wankewa a sake dafawa suna rage wannan nauyi sosai, sai dai suna cin lokacin ma'aikaci.

3. Haɗa farantan NGM

NGM shi ne abin da ake shimfiɗa wa tsutsar ta zauna a kai. Domin lita 1, a auna giram 3 na NaCl, giram 17 na agar da giram 2.5 na fefton, a zuba su cikin kwalba mai ɗaukar lita 2 tare da mililita 975 na tataccen ruwa. A rufe bakin da takardar alminiyom, a dafa a digiri 121 na minti 30 zuwa 50 gwargwadon girman kwalbar. Bayan an fitar, a bar ruwan ya huce zuwa digiri 55, sannan a ƙara waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ana kaɗawa sosai tsakanin kowane biyu: mililita 1 na CaCl2 mai ƙarfin mola 1, mililita 1 na MgSO4 mai ƙarfin mola 1, mililita 1 na kolestarol da aka narkar a etanol a kan miligiram 5 cikin kowace mililita, sai a ƙarshe mililita 25 na ruwan fotasiyom fosfet mai ƙarfin mola 1 da pH 6. Ana haɗa wannan na ƙarshen da giram 108.3 na KH2PO4 da giram 35.6 na K2HPO4 a cika su lita 1 da ruwa.

Gargaɗi: gishirin ukun ana dafa kowannensu daban tun kafin ranar, kolestarol kuwa ba a dafa shi ko kaɗan. Idan aka zuba fosfet da kalsiyom tare, ko aka zuba su ruwan yana da zafi ƙwarai, za su ɗaure su yi farin gari a cikin agar, kuma wannan garin yana hana ganin ƙwai da jarirai. Kada kuma a tsallake kolestarol da tunanin cewa mililita 1 ba komai ba ce, domin tsutsar ba ta iya ƙera shi a jikinta, kuma rashinsa yakan bayyana ne a zuriya ta biyu, lokacin da mai aiki ya riga ya manta da ranar da ya haɗa farantan.

A zuba mililita 10 a kowane faranti na milimita 60, mililita 4 kuma a na 35. Amfanin daidaita adadin shi ne duk farantan su zama kauri ɗaya, yadda ba sai an yi ta gyara idon maikuroskof ba idan ana sauya su. Duk kumfar da ta taso a fasa ta da harshen wuta kafin agar ya daskare, saboda tsutsa tana samun rami ko tsaga take nutsawa ciki, wadda ta nutse kuwa ba ta ɗaukuwa. A bar farantan a rufe kwana 2 zuwa 3 su sha iska, lokacin da duk wanda ya gurɓace zai nuna kansa, sannan a kife su cikin roba mai murfi a firij. A lokacin hunturu, da iska ke bushe ƙamas ga ƙura, kwana 1 zuwa 2 ya isa, kuma a rufe tagogi yayin zubawa.

4. Shuka abincin tsutsa

Abincin shi ne bakteriyar E. coli nau'in OP50. An zaɓe ta ne saboda ba ta iya ƙera sinadarin yurasil da kanta, don haka shimfiɗarta ba ta yin kauri, ana ganin tsutsa ta cikinta. A ɗauki ɗigo guda daga farantin OP50, a saka a ruwan rainon bakteriya da ake kira LB, a bar shi ya kwana a digiri 37. Washegari a ɗiga maikurolita 50 a tsakiyar kowane faranti, a baje shi kaɗan ba tare da an karce fuskar agar ba, a bar shi ya kwana a zafin ɗaki.

Gargaɗi: kada shimfiɗar ta kai gefen faranti. Tsutsar da ta bi abinci har bakin bango takan haura bangon ta bushe a can, kuma maza sun fi yin haka. Farantin da aka fito da shi daga firij a bar shi ya dawo zafin ɗaki kafin a saka masa tsutsa.

5. Yin odar zuri'a

Cibiyar CGC da ke Jami'ar Minnesota a Amurka ita ce ke ajiye zuri'o'in tsutsar tana rarraba wa masu bincike. Shugaban ɗakin gwaji ne ke yin rajista, ana biyan kuɗin shekara da kuɗi a kan kowace zuri'a, ban da na jigila. Domin aikin da ke cikin wannan jagora a nemi N2, wadda ita ce irin asali. CB61, mai ɗauke da sauyi a ƙwayar gadon dpy-5, wanda ke sa tsutsa ta zama gajera mai kauri. Da bakteriyar OP50. Wanda ke son gwada gadon da ke kan kuromosom X ya ƙara da CB678 mai sauyin lon-2, wadda ta fi irin asali tsawo da siranta. Ana duba bayanin kowace ƙwayar gado da wurinta a rumbun WormBase da ke intanet.

Tsutsar takan zo a kan faranti, kuma tana jure yunwar tafiya fiye da zafinta. Don haka a yi odar a watannin sanyi, a kammala takardun shigo da kaya da izinin kwamitin tsaron halittu na jami'a tun kafin a aiko, domin kada kunshin ya kwana biyu a sito. Ranar da ya iso, a yanki gutsuren agar mai girman santimita 1 da ƙaramar wuƙar da aka ƙona ta huce, a kifa shi a gefen shimfiɗar sabon faranti. Cikin 'yan mintuna za a ga tsutsotsi suna fitowa daga ƙarƙashinsa suna nufar abinci.

6. Ƙera tsinke da koyon ɗauka

A riƙe bakin fifet na gilashi a harshen wuta har ya yi laushi, a cusa guntun fulatinam a ciki da hantsaki, a bar gilashin ya kama shi. A daddale ƙarshen wayar ya yi faɗi kaɗan, a lanƙwasa shi, sannan a goge duk wani tsini, saboda tsini yana huda agar yana kuma farke tsutsa. Kafin kowace ɗauka a ƙona tsinken ya yi ja, a jira daƙiƙa 2 ko 3 ya huce, a dangwali ɗan curin bakteriya daga gefen shimfiɗa inda ta fi kauri, a taɓa bayan tsutsar da shi a hankali. Danƙon bakteriyar ne ke ɗauke ta. A sabon faranti a sauke tsinken ya taɓa fuskar agar kawai, a jira tsutsar ta sauka da kanta.

Sabon hannu yakan yi kuskure biyu: ya danna tsinken ya huda agar, ko ya daɗe yana neman wurin sauka har tsutsar ta bushe a kan waya. Mako guda na atisaye da N2 yana gyara duka biyun, kuma bai kamata a taɓa zuri'o'i masu sauyin gado ba kafin a yi wannan atisaye.

A cikin makon ne kuma ake koyon gane matakai. Bayan ƙyanƙyashewa tsutsar tana yin saɓa sau 4, ana kiran matakan L1, L2, L3 da L4, sannan ta balaga. Mafi yawansu mata-maza ne, wato kowace tana ƙera maniyyi a matakin L4, daga baya ta koma yin ƙwai, ta haifi 'ya'ya kusan 300 ita kaɗai. Matakin da dole ne ido ya haddace shi ne L4. A tsakiyar jikinta, inda ƙofar ƙwai ke shirin buɗewa, akwai wani ɗan fili mai haske kamar jinjirin wata, sau da yawa da ɗigon baƙi a cikinsa. A karkata madubin ƙasa har hasken ya zo a kaikaice, alamar za ta fito fili. Babbar tsutsa ba ta da wannan fili, sai jerin ƙwai a cikinta. Domin kiwo na yau da kullum, a ɗauki L4 guda 3 zuwa 5 a kai sabon faranti duk bayan kwana 3 ko 4, a rubuta sunan zuri'a da kwanan wata a gindin farantin, a kife shi a inkubeta.

Gargaɗi: ba a rubutu a murfi, domin murafu suna musanyuwa. Ba a kuma buɗe farantan zuri'a biyu a lokaci guda, saboda jaririn L1 ɗaya da ya maƙale a tsinke ya isa ya gurɓata zuri'a gaba ɗaya ba tare da an lura ba.

7. Wanke zuri'a da bilic da daidaita shekaru

Funfuna da baƙuwar bakteriya mai yauƙi ba sa rasa shiga. Idan funfuna ce, yankan gutsure daga wuri mai tsabta, sannan a kwashe tsutsotsin da suka yi nisa da shi bayan awa guda, yakan isa. Bakteriya kuwa tana zama a cikin hanjin tsutsa, don haka sai an narkar da iyayen an bar ƙwai, waɗanda ɓawonsu ke jure bilic na ɗan lokaci.

Hanya mai sauƙi ita ce a haɗa bilic na gida da NaOH mai ƙarfin mola 1 daidai wa daida, a ɗiga ɗigo guda a gefen sabon faranti nesa da abinci, a saka manyan tsutsotsi masu ƙwai kamar 10 a cikin ɗigon. Jikinsu zai narke, washegari jarirai su ƙyanƙyashe su rarrafa zuwa abinci, sai a kwashe su zuwa wani farantin.

Idan ana son ɗaruruwan tsutsotsi masu shekaru ɗaya, a wanke faranti mai cike da masu ƙwai da ruwa mai tsabta zuwa bututu, a cika shi mililita 3.5. A ƙara mililita 0.5 na NaOH mai ƙarfin mola 5 da mililita 1 na bilic mai kashi 5 cikin 100. A riƙa girgizawa ana leƙawa a maikuroskof, kuma da zarar jikunan sun karye sun ɓace, wanda yakan faru tsakanin minti 4 da 8, a juya bututun a inji na kusan minti 1, a tsiyaye ruwan sama, a wanke ƙwan da ruwan M9 aƙalla sau 3. Ana haɗa M9 da giram 3 na KH2PO4, giram 6 na Na2HPO4, giram 5 na NaCl da mililita 1 na MgSO4 mai mola 1 a cikin lita 1. Idan aka bar ƙwan suka kwana a M9 ana jijjiga su a digiri 20, duk za su ƙyanƙyashe su tsaya a matakin L1 saboda babu abinci. Daga lokacin da aka zuba su a kan OP50, za su kai L4 cikin kusan awa 48.

Gargaɗi: a duba ƙarfin bilic a jikin kwalba, domin wasu na kasuwa ba su kai kashi 5 ba, kuma kwalbar da ta daɗe a buɗe cikin zafi ta riga ta yi rauni. Ƙetare minti 10 yana kashe ƙwan. A haɗa ruwan a ranar da za a yi aiki da shi, a sa safar hannu da tabarau, domin NaOH mai wannan ƙarfi yana ƙona fata da ido.

8. Samun maza

Mata-maza tana da kuromosom X biyu, namiji kuma ɗaya, kuma a faranti na yau da kullum namiji 1 ko 2 ake samu cikin 1000. Domin ƙara yawansu, a ɗauki L4 na N2 guda 5 ko 6 a kowane faranti, a yi faranti kamar 5, a saka su a digiri 30 na awa 5 zuwa 6, sannan a mayar da su digiri 20. Zafin yana sa X ya kasa rabuwa daidai a wasu ƙwayoyin haihuwa, sai a sami 'yan maza kaɗan cikin kowane 100 na 'ya'yan. Bayan kwana 3 ko 4 a neme su: namiji ya fi siranta, ba shi da ƙwai a ciki, wutsiyarsa tana ƙarewa da faɗi maimakon tsini, kuma ba ya zama wuri ɗaya. A haɗa waɗanda aka samu da L4 na N2 guda 2 ko 3. Rabin 'ya'yan da suka fito daga barbarar maza ne, kuma da maimaita wannan haɗi kowane mako ake riƙe garken maza. Zuri'o'i masu sauyin him-5 ko him-8 suna haifar maza kusan kashi 30 cikin 100 ko fiye da kansu, sai dai wanda ya yi amfani da su ya tuna cewa sauyin zai bi zuri'arsa.

9. Haɗa barbarar

A shirya ƙaramin faranti da ɗigon OP50 maikurolita 10 kacal a tsakiya, ba a baje ba. Ƙanƙantar abincin ce ke tara tsutsotsin wuri ɗaya har su haɗu. A saka L4 na dpy-5 guda 2 ko 3, a ƙara musu samarin mazan N2 guda 8 zuwa 10. Ana sa mai sauyin gado a matsayin uwa ne saboda dalili biyu: mazan da jikinsu ya gajarce ko tafiyarsu ta lalace ba su iya barbara sosai, sannan siffar uwar ce za ta nuna waɗanne 'ya'ya ne na namiji. Sauyin dpy-5 mai ɓuya ne, wato ba ya bayyana sai ɗa ya gaje shi ta ƙwai da ta maniyyi duka, don haka ɗan da uwar ta haifa da maniyyin kanta zai fito gajere, wanda namijin N2 ya haifa kuma zai fito da tsawon irin asali.

Gargaɗi: mazan sun fito ne daga faranti mai cike da ƙwai da jarirai. A fara sauke su a wani faranti na daban na rabin awa, a tabbatar babu abin da ya biyo su, sannan a kai su wurin barbara. Ƙwan N2 guda ɗaya da ya lallaɓo zai girma ya zama doguwar tsutsa, a ɗauka ɗan barbara ne, alhali ba ya ɗauke da dpy-5 ko kaɗan.

Bayan awa 24 a kwashe iyayen duka zuwa sabon faranti irin na farko, domin ƙwan ranar farko galibi na uwar ne ita kaɗai. A yi haɗi 2 ko 3 a rana guda, saboda maza sukan haura bango su mutu.

10. 'Ya'ya, jikoki da ƙirge

Bayan kwana 3 a duba farantin na biyu. Alamar nasara ita ce dogayen 'ya'ya masu yawa, kusan rabinsu maza. Idan duk gajeru ne, barbarar ba ta kama ba, sai a sake. Daga cikin dogayen a zaɓi mata-maza da ke matakin L4, a saka kowace a farantinta ita kaɗai, kamar guda 5.

A nan ne aka fi asarar mako guda. Farantin yana cike da 'yan'uwansu maza, kuma duk wadda ta balaga a cikinsa akwai yiwuwar an riga an yi mata barbara, abin da zai rikita lissafin jikoki. Wadda ke L4 ƙofar ƙwanta ba ta buɗe ba, don haka ita kaɗai ce ake da tabbaci a kanta. Idan aka ga maza da yawa cikin 'ya'yan wadda aka ware, a jefar da farantin.

A riƙa matsar da kowace uwa zuwa sabon faranti kullum har kwana 3 ko 4, domin 'ya'yan kowane faranti su zama kusan sa'o'in juna. Idan sun kai L4 ko sun fara balaga, a ƙirga su ana cire kowace da tsinke ana ƙonawa, ana rubuta doguwa ko gajera. A ƙirga faranti gaba ɗaya, har da waɗanda suka maƙale a gefe, domin ido yakan fara kai wa dogaye masu yawo, kuma wanda ya tsaya a rabi zai sami gajeru ƙasa da yadda suke. Abin da ake tsammani shi ne kashi 3 dogaye, kashi 1 gajeru. Cikin 200, wato 150 da 50. A gwada tazarar da ke tsakanin abin da aka ƙirga da abin da ake tsammani da lissafin kai-sukwaya (chi-square), inda sakamakon da bai kai 3.84 ba yake nuna ƙirgen bai saɓa wa 3 da 1 ba.

Wanda ya yi haɗin da uwa mai lon-2 zai ga bambancin tun a 'ya'yan farko: duk mazan da barbarar ta haifar za su fito da tsawon uwarsu, saboda X ɗinsu guda ɗaya daga gare ta ya zo, mata-mazan kuma su fito daidai. Da wannan hanya ce kuma ake gane ko ƙwayoyin gado biyu suna kan kuromosom ɗaya. Uwa mai dpy-5, da ke kan kuromosom na 1, haɗe da unc-4, sauyin da ke lalata tafiyar tsutsa, da ke kan na 2, za ta ba da jikoki masu siffofin biyu kusan 1 cikin 16. Idan kuwa dpy-5 da unc-13 ne, waɗanda ke maƙwabtaka a kan kuromosom na 1, masu siffofin biyu za su kusan kai 1 cikin 4, masu siffa ɗaya kaɗai kuma su yi ƙaranci.

11. Daskarar da zuri'a

Kowace zuri'a a daskarar da ita a makon da ta iso, kowace sabuwa kuma a makon da aka tabbatar da ita, domin lalacewar inkubeta na dare ɗaya ko shigar 'yan mitsi-mitsin ƙwari dangin kaska, masu yawo daga faranti zuwa faranti suna kwasar ƙwai da funfuna, na iya share aikin shekara. Jariran L1 da abinci bai daɗe da ƙare musu ba su ne suka fi jure sanyi. A bar faranti 2 ko 3 har abincin ya ƙare jarirai su cika su, a wanke su da ruwan S, wanda ake haɗawa da mililita 129 na K2HPO4 da mililita 871 na KH2PO4, kowanne mai ƙarfin mola 0.05, da giram 5.85 na NaCl. A ƙara daidai adadin ruwan da aka tara na ruwan S mai gilisarol kashi 30 cikin 100, a gauraya, a raba mililita 1 a kowane bututun daskarewa, a rubuta suna da kwanan wata da alƙalamin da ba ya gogewa.

Gargaɗi: sanyin dole ya shiga a hankali. A saka bututan cikin akwatin farin soso mai kauri, a rufe, a kai shi firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili ya yi aƙalla awa 12. Bututun da aka jefa kai tsaye cikin ruwan naitirojin ba ya fitar da mai rai. Farantin da ya daɗe cikin yunwa har tsutsotsin suka koma siraran nan masu jure yunwa da ake kira dauer shi ma ba ya daskaruwa da kyau.

Bayan kwana ɗaya ko biyu a narkar da bututu guda a zafin ɗaki, a juye shi a gefen faranti mai abinci, a duba washegari. Idan an ga jarirai suna motsi, a ware kamar 10, a tabbatar sun haihu kuma siffar zuri'ar tana nan. Sauran bututan a raba su wuri biyu, wasu a firizar, wasu a ruwan naitirojin ko a firizar wani sashe da ba layin wuta ɗaya suke ba, a shigar da lambar akwati da gurbin kowane bututu a littafin ɗakin gwaji. Tsofaffin faranti da duk abin da ya taɓa tsutsa ko bakteriya a dafa su a otokilef kafin a zubar.